Yadda Ruwa Ke Tankaɗe Yashi: Daga Rafukan Sunkani Zuwa Bakin Teku

Idan rani ya tsala a Jihar Taraba, rafuka da ƙananan kogunan da ke kewaye da Sunkani, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ardo Kola, kan janye su bar shimfiɗar yashi a fili. Haka lamarin yake a Kogin Lamurde, wanda ya ratsa Jalingo ya nufi yamma har ya zuba cikin Binuwai. A wannan lokaci ne motocin tipa ke sauka cikin kwari, matasa na loda musu yashi da shebur, domin ciyar da gine-ginen babban birnin jihar, wanda ke ta faɗaɗa tun bayan ƙirƙiro Taraba a shekarar 1991.

Masu wannan sana'a sun san cewa yashi suna ya tara. Akwai mai kaushi da ake buga bulo da zuba kankare da shi, akwai mai laushi na filasta, akwai kuma wanda laka ta yi wa yawa har magini ya ƙi karɓa. Sun san a wace kwana ake samun kowanne, duk da cewa kogi ɗaya ne ya kawo su. Wannan rarrabuwa tana da ƙa'ida. Kowace ƙwayar yashi tana kwance ne a daidai inda ƙarfin ruwa ya gaza ɗaukar ta, kuma wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa ɗiban yashi ko tare shi a wani wuri ke haifar da ɓarna a wani wurin daban, wani lokaci mai nisan ɗaruruwan kilomitoci.

Mene ne yashi?

A wurin masana ilimin ƙasa, girman ƙwaya ne ke sa a kira abu yashi, ko da daga wane dutse ya fito. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne wanda Ba'amurke Chester Wentworth ya tsara a 1922. A wannan ma'auni, ƙwayar da faɗinta ya kama daga milimita 0.0625 zuwa milimita 2 ita ce yashi. Abin da ya haura milimita 2 ya zama tsakuwa. Abin da bai kai yashi ba shi ne garin laka, wanda ke da santsi kamar fulawa idan an murza shi, sannan a can ƙasa akwai yumɓu, wanda ƙwayarsa ba ta kai milimita 0.004 ba, ido kuma ba ya iya ganin ta ita kaɗai.

Yashin yankin Jalingo daga duwatsu yake farowa. Tsaunukan da ke gabas da garin, wajen Yorro har zuwa jerin tsaunukan Shebshi, akasarinsu tsofaffin duwatsu ne masu tauri irin wanda ake kira giranait. Irin wannan dutse haɗin ma'adinai ne. Zafin rana da ruwan sama da saiwar itatuwa kan yi ta cin sa shekaru aru-aru har ya ruguje. Ma'adinin felsifa, wanda ke ba dutsen launin ja-ja ko fari-fari, kan ruɓe a hankali ya koma yumɓu. Ma'adinin maika kan ɓare ya zama 'yan falle-falle masu ƙyalli, waɗanda yara kan ɗauka zinariya ne. Ma'adinin kwatiz kuwa, farin nan mai kama da gilashi, yana da tauri sosai kuma ruwa ba ya narkar da shi cikin sauƙi, shi ya sa shi ne ke rinjaye a yashin mafi yawan koguna.

Akwai kuma baƙaƙen ƙwayoyi masu ɗauke da ƙarfe. Duk wanda ya ja maganaɗisu cikin busasshen yashin kogi yakan ga baƙin gari ya manne masa. Nauyin kwatiz ya ninka na ruwa sau 2.65, amma na wannan baƙin ma'adini ya ninka na ruwa sama da sau 5. Wannan bambancin nauyi, tare da bambancin girma da siffa, su ne abubuwa uku da ruwa ke aiki da su wajen tantancewa.

Hanyoyi uku na tafiya

Kogi yana jigilar kayansa ta hanyoyi uku. Tsakuwa da yashi mai kaushi kan mirgina ko su ja ciki a ƙasan ruwa. Matsakaicin yashi kan yi tafiyar tsalle-tsalle: ya ɗaga, ya yi ɗan nisa, ya faɗo, ya zunguri wata ƙwaya ita ma ta tashi. Garin laka da yumɓu kuwa kan yi shawagi a cikin ruwan, su ne ke mayar da Lamurde da Binuwai ja-ja-wur a watan Agusta.

Abin da ke raba waɗannan matafiya shi ne saurin nutsewa. A 1851 masanin lissafi George Stokes ya nuna cewa ga ƙananan ƙwayoyi, idan faɗin ƙwaya ya ninka sau 10, saurin nutsewarta kan ninka sau 100. A cikin ruwan da ke tsaye cik mai zurfin mita 1, ƙwaya mai faɗin milimita 1 kan kai ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Mai faɗin milimita 0.1 kan ɗauki kimanin minti 2. Garin laka mai faɗin milimita 0.01 kan ɗauki kimanin sa'a 3. Ƙwayar yumɓu mai faɗin milimita 0.001 kuwa sai ta shafe kusan mako 2. Matan da ke ɗebo ruwan kogi su zuba a randa sun san wannan tun fil'azal: yashi kan kwanta nan take, amma ruwan ba ya yin garau sai an kwana, ko an jefa alif domin ya dunƙule yumɓun.

Tayar da ƙwaya daga kwance kuma wani abu ne daban. A 1935 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Filip Hjulström, wanda ya yi nazarin Kogin Fyris a Uppsala, ya fitar da wani zane da ya nuna abin mamaki. Ƙwayar da ta fi sauƙin tashi ita ce ta matsakaicin yashi, wadda ruwan da ke gudun kimanin santimita 20 a daƙiƙa ya ishe ta. Tsakuwa tana buƙatar ruwa mai ƙarfi saboda nauyinta. Yumɓun da ya riga ya kwanta ya daskare shi ma yana buƙatar ruwa mai ƙarfi, domin ƙwayoyinsa suna manne da juna. Wannan ne ya sa gaɓar yumɓu kan tsaya ƙyam kamar bango shekara da shekaru, alhali gaɓar yashi kan zube cikin damina guda. Manomin da gonarsa ke bakin rafi zai iya sanin irin haɗarin da yake ciki ta hanyar duba abin da gaɓar ta ƙunsa.

Inda kogi ke sauke kaya

Ƙarfin ruwa ba ya zama ɗaya a ko'ina cikin kogi, saboda haka kowane sashe yana da irin yashinsa. Babban misali shi ne kwana. A bayan kwana ruwa kan yi sauri, ya yi zurfi, ya riƙa cin gaɓa. A cikin kwana kuwa ruwa kan yi sanyin gudu ya riƙa tara yashi. Albert Einstein ya yi bayanin sirrin wannan a wata maƙala a 1926, inda ya kafa hujja da kofin shayi: idan aka juya shayi da cokali, ganyen kan taru a tsakiyar gindin kofi maimakon ya watsu zuwa gefe. Dalili shi ne ruwan sama-sama yana turawa waje, na ƙasa-ƙasa kuma yana dawowa ciki yana jan abin da ke kwance. Haka ruwan kogi ke murɗawa a kwana, yana kwashe ƙasar wannan gaɓa yana jibge yashi a waccan. Mai kaushi kan tsaya a ƙasa kusa da zurfi, mai laushi kuma ya haura saman tudun. Da haka kogi ke gusawa sannu a hankali, gonar wani na raguwa, ta wani na ƙaruwa, abin da kan haddasa rigimar iyaka tsakanin maƙwabta.

Idan ambaliya ta tsallake gaɓa, gudun ruwa kan karye nan take. Yashi kan zube a bakin gaɓa ya yi ɗan tudu, garin laka da yumɓu kuma su wuce can ciki su kwanta inda ruwa ya tsaya. Wannan laka ce ke mayar da fadamun Binuwai a yankunan Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi ƙasar shinkafa. Amma ambaliya mai ƙarfi, irin ta 2012 da ta 2022, kan iya ɓalle gaɓa ta shimfiɗa yashi tsantsa a kan gona, ta binne lakar da aka daɗe ana tarawa.

Idan ruwa ya fara janyewa, kayan kan kwanta bi da bi: tsakuwa a ƙasa, sai yashi mai kaushi, sai mai laushi, sai siririn mayafin laka a sama. Duk wanda ya dubi bangon ramin da masu ɗiban yashi suka yanka zai ga wannan jeri yana maimaita kansa, kowane jeri shaidar cikowa guda. Da irin wannan karatu ne masana suka gane cewa dutsen yashi na Bima, wanda ya samo suna daga Dutsen Bima a Jihar Gombe, akasarinsa yashin tsofaffin koguna ne da suka gudana a kwarin Binuwai kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce.

Akwai kuma tantancewar da ke faruwa a tsawon kogi. A gindin tsauni ana samun duwatsu da tsakuwa masu kaifi. Da an yi nisa sai ƙwayoyin su riƙa ƙanƙancewa. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Sternberg, ya bayyana wannan a Kogin Rhine a 1875, ya kuma danganta shi da gogayyar duwatsu da juna. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tare da gogayya akwai wani dalili mai ƙarfi: ƙananan ƙwayoyi suna tsere wa manya ne kawai, su bar su a baya. Shi ya sa yashin rafukan da ke kusa da tsaunuka, irin na yankin Jalingo, kan fi kaushi da kaifi a kan wanda ake samu can ƙasa kusa da teku.

Rege da bakace a ƙasan ruwa

Ƙasan kogi mai yashi ba shafaffe ba ne. Ruwa kan zana ƙananan kunyoyi a kansa, idan kuma gudu ya ƙaru sai su zama manyan tuddai da ke tafiya a hankali zuwa gangare. Ƙwayoyi kan hau bayan tudun su gangaro ta gabansa, manya su fi yin nisa zuwa gindi, ƙanana su tsaya a sama. Waɗannan tuddai masu yawo su ne ke sa hanyar kwale-kwale a Binuwai ta sauya daga shekara zuwa shekara, su ne kuma dalilin da ya sa manyan jiragen ruwa ba su iya kaiwa Yola da Garwa sai a 'yan watannin da kogi ya cika.

Nauyi ma yana da nasa aikin. Macen da ke rege shinkafa a ƙwarya tana karkaɗa ruwa ne yadda shinkafa za ta tafi, tsakuwa ta zauna a gindi. Kogi yana yin wannan regen dare da rana. Yana kwashe farin yashi mara nauyi ya bar baƙaƙen ƙwayoyi a jere kamar zanen kwalli. A inda duwatsun tushe ke ɗauke da ma'adini mai daraja, wannan aiki kan tara dukiya. Mafi yawan kuzar da aka haƙa a tsaunukan Jos tun farkon ƙarni na 20 an same ta ne a tsakuwar tsofaffin hanyoyin ruwa, domin nauyin kuza ya ninka na ruwa kimanin sau 7. Zinariya, wadda nauyinta ya ninka na ruwa sau 19, ta wannan hanya take taruwa, masu wankin ta kuma rege suke yi.

Sai dai kogi ba tantancewa kaɗai yake yi ba, yana kuma cakuɗawa. Cikowa mai ƙarfi kan tayar da ƙasan kogi baki ɗaya ta gauraya manya da ƙanana. Kowane reshe da ya shigo kan kawo nasa kayan: Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk suna zuba yashin ƙasashensu cikin Binuwai, wanda ke da tsawon kimanin kilomita 1,400 daga tsaunukan Adamawa na Kamaru zuwa Lokoja. Gaɓar da ta rufta kan mayar da tsohon yashi cikin tafiya. Kaguwa da tsutsotsi da kifaye masu tona ƙasa su ma suna juya shi.

A cikin cakuɗaɗɗen yashi, ƙwayoyi suna shafar juna. Hans Albert Einstein, ɗan Albert Einstein, wanda ya ƙware a kan jigilar yashi a koguna, ya sanya wannan cikin lissafinsa na 1950: ƙananan ƙwayoyi kan ɓuya a bayan manya, ruwa ya kasa tayar da su. Haka nan idan ƙasan kogi na girgiza, ƙanana kan zurara ta cikin ramukan da ke tsakanin manya, manyan su taso sama, kamar yadda tsaki ke rabuwa da gari a faifan bakace. Sakamakon haka shi ne sulke na tsakuwa da ke rufe ƙasan kogi yana kare laushin da ke ƙarƙashi. Idan aka kwashe wannan sulke da shebur ko da injin, abin da ke ƙasa ya zama ganimar ruwan farko.

A bakin teku

Daga Lokoja, kayan Binuwai kan haɗu da na Neja su gangara kudu. A yankin Neja Delta kogin kan rarrabu zuwa rassa masu yawa, gudu ya ragu, yashi ya zube a bakunan rassan. Yumɓun da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci bai kwanta ba, da ya haɗu da ruwan gishiri sai ƙwayoyinsa su dunƙule su nutse, kamar an jefa masa alif. Wannan ne asalin taɓon da dazuzzukan bakin ruwa na yankin ke tsirowa a kai.

A teku, igiyar ruwa ce ke karɓar aiki. Kowace igiya kan hau gaɓa da ƙarfi ta koma da rauni, domin wani ɓangare na ruwan ya tsotse cikin yashi. Ta haka take barin mai kaushi a sama, ta ja mai laushi zuwa zurfi. Saboda ana maimaita wannan sau dubbai a kowace rana, yashin bakin teku ya fi na kogi daidaiton girma. A lokacin damina, da teku ke hauka, gaɓa kan rame. Idan ya lafa sai yashin ya dawo.

Igiyoyin Tekun Atilantika suna isowa gaɓar Afirka ta Yamma ne a karkace, daga kudu maso yamma. Kowace igiya kan tura ƙwaya a karkace, ta dawo da ita a miƙe, saboda haka yashi na tafiya gabas, daga Ghana ta Togo da Benin zuwa Legas, tamkar wani kogin yashi da ke bin gaɓa. Tarihin Legas ya nuna abin da ke faruwa idan aka datse shi. Tun daga 1908 aka fara gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa domin hana yashi toshe hanya. Yashi ya taru a yammacin katangun, gabashinsu kuma ya shiga yunwa. Gaɓar Bar Beach ta yi ta zaizayewa shekaru da dama har teku ya riƙa malalowa kan Titin Ahmadu Bello a Victoria Island, aka yi ta kashe kuɗi wajen zuba yashi, kafin daga baya a gina katangar teku da sabon filin Eko Atlantic. A Ghana, madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta rage yashin da Kogin Volta ke kaiwa teku, abin da ya ƙara tsananta zaizayar garin Keta. Tashoshin jiragen ruwa na Lome da Kwatano sun haifar da irin wannan matsala a gabashinsu.

Lissafin shiga da fita

Darasin bakin teku ya shafi kowane rafi a Ardo Kola. Kowane sashe na kogi yana da abin da ke shigo masa daga sama da abin da ke fita ta ƙasa. Muddin biyun sun daidaita, kogi kan riƙe zurfinsa. Idan abin da ke shigowa ya yi yawa, kamar inda aka sare itatuwa aka nome gangaren tsauni, kwari kan cike, ruwa ya rasa hanya ya shiga gidaje. Idan abin da ke fita ya fi yawa, ruwa kan biya buƙatarsa daga ƙasan kogi da gaɓoɓinsa.

Madatsun ruwa suna tare kusan duk yashi da tsakuwar da suka iso su. Madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982, an fi ambaton ta a Najeriya idan an sako ruwa, amma tana kuma riƙe yashin saman Binuwai. Haka Kainji ke yi a Neja tun 1968, haka Kiri a Gongola, haka Kashimbila a Kogin Katsina-Ala. Ruwan da ya fito daga madatsa yana da ƙarfi amma ba shi da kaya, don haka yakan ci abin da ya tarar a gaba.

Ramin ɗiban yashi ma haka yake aiki. Idan damina ta zo, ramin kan kame yashin da ya kamata ya wuce, sai ruwan da ya fita ya ƙwaƙule ƙasan kogi ta gangare. Ta sama kuma, bakin ramin kan zama ɗan gangare mai sauri wanda ke ci yana ja da baya, har ya iso duk abin da ke kan hanya, ko gada ce ko bututun ruwa. A ƙasar Fotugal, gadar Hintze Ribeiro da ke kan Kogin Douro ta rufta a ranar 4 ga Maris, 2001, mutum 59 suka rasu, kuma an lissafa ɗiban yashi na shekaru a cikin abubuwan da suka raunana gindinta. Taraba ta san zafin rasa gada: ambaliyar watan Agustan 2005 ta karya gada a Jalingo tare da asarar rayuka da dama, ta 2024 kuma ta yanke gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari. Ruwan ambaliya kaɗai ya isa ya ƙwaƙule gindin gada. Rage yashin da ke kewaye da ginshiƙai yana sauƙaƙa masa aiki.

Yashin kwari kuma rumbun ruwa ne. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na tarin yashi mai daidaiton ƙwaya sarari ne, a nan ruwa ke ɓuya daga rana. Shi ya sa a tsakiyar rani ake tona busasshen rafi a sami ruwan sha, makiyaya su shayar da dabbobi, masu lambu su yi ban-ruwa. Idan aka kwashe yashin har ƙasa, wannan rumbu ya tafi, rijiyoyin da ke kusa kuma su ja baya.

Abin da za a iya yi

Buƙatar yashi ba za ta ragu ba. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa duniya na amfani da tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a kowace shekara, abin da ya sa bayan ruwa babu albarkatun ƙasa da ake ɗiba kamarsu. Yashin hamada bai cika dacewa da kankare ba, domin iska ta tace shi ya yi laushi, ta kuma goge masa kaifi. Na teku kuma yana ɗauke da gishirin da ke sa rodi tsatsa idan ba a wanke shi ba. Saboda haka idon magina na kan koguna.

Ga mai gini, akwai gwaji mai sauƙi. A zuba yashi cikin kwalba mai haske zuwa rabi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai, a ajiye na 'yan sa'o'i. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a samansa. Idan kaurin lakar ya wuce kimanin kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na kaurin yashin, yana buƙatar wanki, domin laka tana hana siminti kama ƙwayoyi. Kankare ya fi ƙarfi idan yashin ya haɗa manya da matsakaita da ƙanana, saboda ƙananan na cike ramukan da ke tsakanin manya.

Ga masu ɗiba da masu unguwanni, ƙa'idojin da masana suka yarda da su a bayyane suke: a nisanci gadoji da bayan kwana da gindin gaɓa, a ɗebi saman tudun yashin da ke cikin kwana ba tare da an haƙa ƙasa da matakin ruwan rani ba, a riƙa sauya wuri domin kogi ya mayar da abin da aka ɗiba. Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisi ga masu ɗiban kayan gini, Dokar Tantance Tasirin Ayyuka ga Muhalli ta 1992 tana nan, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida mai hedikwata a Lokoja kuma tana da iko a kan manyan koguna irin su Binuwai.

Amma doka ba ta aiki sai da awo. Turaku da aka kafa a gindin gada, ana duba tsayin yashi a jikinsu a ƙarshen kowace damina, tare da ƙidayar tipofin da ke fita daga kowane mashigi, sun isa su nuna ko kogi na mayar da abin da ake ɗiba ko kuwa ana cin uwar kuɗi. Aiki ne da ƙaramar hukuma da masu sarauta da ƙungiyar direbobin tipa za su iya yi tare, da taimakon Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, kuma kuɗinsa bai kai na gyaran ginshiƙin gada guda ba.